Hom Gim Lok, Mutumin da Ya Mayar da Yayansa Gida (1834–1911)

Haihuwa da asali

An haifi Hom Gim Lok a shekarar 1834, a ƙauyen Lung On da ke gundumar Sunning, wadda a yau muke kira Toisan, a kudancin ƙasar Sin. Mahaifinsa, Hom Sui Bong, manomin shinkafa ne mai gonar da ba ta taɓa ciyar da gida shekara guda cur ba. Mahaifiyarsa 'yar gidan Louie ce, saboda haka Louie Shee ake kiranta har ta bar duniya, kamar yadda ake kiran kowace matar aure da sunan gidan ubanta. 'Ya'ya biyu kaɗai suka rayu musu daga cikin shida: Gim Tong, wanda shi ne babba, da Gim Lok da ke bi masa da shekara uku. Tong ƙato ne mai fara'a da yawan surutu. Lok kuwa siriri ne, maganarsa sai an jawo ta, kuma tun yana yaro idan ya ƙulla abu a ransa sai dai a haƙura a ƙyale shi.

Karatu

A shekarar 1841 aka sa shi a makarantar da dangin Hom suke da ita a zauren kakanni, inda ya yi shekara uku bai burge kowa ba. Malamin, wani tsoho mai sandar gora da ƙarancin haƙuri, ya sha ɗaga takardarsa a gaban yara yana cewa kaji ne suka bi ta kan laka. Duk da haka ya fita da abin da ya ishe shi rubuta sunan mutum da sunan ƙauyensa, kuma iyakar abin da rayuwa ta taɓa nema daga alƙalaminsa ke nan. Mahaifinsa ya rasu a 1847, shekarar da ambaliya ta cinye shuka, daga nan shi da yayansa suka koma ƙwadago a gonakin mutane.

Tafiya Dutsen Zinariya

Labarin zinariyar da aka gano a Kalifoniya a 1848 ya iso gundumarmu ta bakin matuƙan jiragen ruwa, kuma kafin ya ƙaraso ƙauyuka ya yi ƙiba sosai, har ana cewa a can mutum kan tsinci zinariya a bakin rafi yana tafiya. Gam San aka raɗa wa ƙasar, wato Dutsen Zinariya. A farkon 1852 Louie Shee ta jinginar da gonar mijinta ta haɗa wa 'ya'yanta kuɗin jirgi, ta rako su har ƙofar ƙauye, ta tsayar da su a nan.

"Ku biyu kuka fita ta ƙofar nan, ku biyu za ku shigo ta cikinta," in ji ta. "Wanda ƙafarsa ta gaza, ɗan'uwansa ya ɗauko shi."

Tong ya yi dariya ya ce ta kwantar da hankalinta, wannan siririn ko a aljihu ne zai sako shi ya kawo mata, zinariya kuma a ɗaya aljihun.

Sun sauka San Francisco a watan Mayu na wannan shekara, cikin kimanin mutum dubu ashirin da suka zo daga ƙasarmu a 1852 kaɗai. Garin, wanda shekara huɗu kafin nan ƙauye ne, ya riga ya cika da mutanen Chile da Meziko da Ailan da Jamus da Amurkawan gabas, kowa da yarensa da shebur ɗinsa, mashigin teku kuma cike da jiragen da matuƙansu suka watsar suka gudu wurin haƙa. Ƙungiyar 'yan gundumarmu ta karɓe su, ta ba su masauki da takalman aiki, ta tura su arewa, bakin kogin Yuba, wani sansani da muke kira Mashigar Alfadarai.

Haƙar zinariya da rasuwar Gim Tong

Wuraren da Turawa suka yashe suka bari su ake sayar wa mutanenmu, kuma ko su sai an biya harajin baƙin mahaƙa kowane wata. Amma mutanenmu sun zo da abin da suka gada a gonakin shinkafa, wato sarrafa ruwa. Da rani ya yi, sai su kafa madatsa ta gumagumai da duwatsu su ture kogi gefe guda, su zuƙe ragowar ruwan, su sauka cikin kwarin su wanke tsakuwar da babu hannun da ya taɓa kaiwa gare ta. Shekara uku 'yan'uwan biyu suna wannan aiki, suka fanshi gonar mahaifiyarsu, suka fara maganar komawa.

A watan Oktoba na 1855 ruwan sama ya sauka a kan duwatsu tun kafin lokacinsa, kogi ya taso, madatsar ta ɓalle alhali mutane suna cikin kwarin. Waɗanda suka tsira sun shaida cewa Tong ya tura mutum biyu kan gaɓa kafin ruwan ya tafi da shi. Washegari aka tsinci gawarsa a ƙasa da sansanin. Yana da shekara ashirin da huɗu, bai yi aure ba, ba shi da ɗa.

An binne shi a gangaren da ke fuskantar madatsar, inda wasu mutanenmu goma suka riga shi kwanciya, kai wajen tudu, ƙafafu wajen ruwa, kamar yadda masanin kwanciyar ƙasa, mai zaɓa wa matattu makwanci, ya tsara. Kabarin bai wuce zurfin gwiwa ba, domin a wancan zamani babu ɗayanmu da ya zo da niyyar zama, kuma kabari a Gam San masauki ne. Bayan shekara bakwai akan tono ƙasusuwan, a tsabtace su, a aika da su ƙauye, domin wanda ya kwana a baƙuwar ƙasa, babu zuri'ar da za ta share kabarinsa ta ajiye masa shinkafa da shayi a bikin Ching Ming, zai dawwama cikin yunwa da kaɗaici. Lok ya samo tubali, ya ɗauki ƙusa, ya kankara sunan yayansa da na ƙauyensu, ya sa a cikin kabarin.

Kora da komawa noma

A bazarar 1856 Turawan sansanin suka yi taro suka yanke shawarar cewa babu ɗan Sin da zai ƙara wanke tsakuwa a Mashigar Alfadarai. Aka ƙone bukkoki, aka kora mutane da bindigogi. Babu inda za a kai ƙara, domin doka ta hana a karɓi shaidar ɗan Sin a kan Bature. Ba a kanmu aka fara ba: asalin mutanen ƙasar, waɗanda kogin nasu ne tun kaka da kakanni, an yi musu abin da ya fi haka muni kafin zuwanmu.

Lok ya gangaro Marysville da tabarmarsa da tukunyarsa. A shekarunsa na haƙa ya lura cewa mai haƙa yakan samu yau ya rasa gobe, amma wanda ke sayar masa da kabeji da albasa kullum cikin samu yake, domin zinariya ta tara dubban ɗaruruwan mutane a ƙasar da ba ta da gonaki. Ya yi hayar fadama a bakin kogi ya kafa lambu, ya riƙa ɗaukar kayan miya a kwanduna biyu da sandar gora a kafaɗa yana bin sansanoni da gidajen Turawa. A 1865, lokacin da dubban mutanenmu suka tafi fasa duwatsu domin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa gabas da yamma, an yi ta jan sa ya ƙi, domin ba ya son yin nisa da gangaren nan.

Shekara bakwai da binne Tong sun cika a 1862. Ya tafi tare da mai tono ƙasusuwa na ƙungiya, suka tarar wani kamfani ya mallake wurin, ya kawo manyan bututan ƙarfe masu feshin ruwa yana narkar da tuddai ɗaya bayan ɗaya, laka da tsakuwa suna gangarowa kwari. Mai gadi ya nuna musu bakin bindiga. Lok ya koma a shekarar da ta biyo baya, aka sake korarsa. Zuwa 1864 maƙabartar ta shige ƙarƙashin tarin tsakuwar da ya fi gidan bene tsayi, an sare itatuwan wurin, babu wata alama da ta rage.

Dattawan ƙungiya suka yanke hukuncin cewa mutum goma sha ɗayan nan sun ɓata, suka shirya yi musu abin da ake yi wa wanda teku ta ci: akwati wofi da sunan mamaci a jikinsa, a kira ruhinsa ya shiga, a aika gida. Iyalan mutum goma suka karɓa. Da aka zo kan Lok sai ya ce, "Inna ba ta ce in kawo mata akwati ba." Ya yi godiya ya fita.

Aure da iyali

Ya yi aure a 1868 yana da shekara talatin da huɗu, abin da a lokacin ba ƙaramar sa'a ba ce, domin matanmu a Kalifoniya ƙalilan ne ƙwarai. Matarsa Moy Lin Ho 'yar wani mai sayar da maganin gargajiya ce a Marysville, an kawo ta ƙasar tun tana goye. Mace ce mai kaifin lissafi da kaifin harshe, kuma an ce ubanta ya ba da ita ga mai lambu ne saboda shi kaɗai ne a garin ba zai mayar mata da magana ba. Tun kafin ɗaurin aure ya gaya mata cewa akwai amana a wuyansa, duk abin da lambu ya kawo wani kaso na wannan amana ne. Ta ce ta ji, gara mijin da ke tara wa matacce da wanda ke kai wa 'yan caca. An haifi ɗansu na fari, Yuk Sing, a 1870.

Sayen tarin tsakuwa

A 1872 kamfanin ya gama narkar da abin da zai narkar ya ƙara gaba. Lok ya kwashi tanadin shekara goma sha biyar ya sayi tarin tsakuwar da aka bari. Baturen da ya sayar masa ya riƙa ba da labarin a mashaya ana dariya, mutanenmu ma ba su raga masa ba: a shagon shayi an yi ta tambayarsa nawa yake sayar da kwandon dutse, ko da ganye ake dafa shi. Ya ɗauki ma'aikata, ya auna daga bakin kogi ya haura gangare, kai wajen tudu, ƙafafu wajen ruwa, ya kafa turke ya ce a fara haƙa.

Matarsa ta zo ta ga yadda ake kwasar tsakuwa ana zubarwa gefe, ranta ya ɓaci.

"Tunda ka rantse sai ka kwashe dutsen nan da kwando," in ji ta, "to ka riƙa wanke abin da ka kwasa mana, ko kuɗin shinkafar mutanen nan ya fito."

Ya kafa magudanar katako ta wanke zinariya domin a zauna lafiya a gida. Ashe kamfanin, saboda gaggawa da ƙarfin ruwansa, manyan ƙwayoyi kaɗai ya kama, garin zinariyar duk ya bi laka ya kwanta a cikin tarin. Kafin damina ta faɗi Lok ya mayar da kuɗinsa, kafin shekara biyu ya zama ɗaya daga cikin attajiran mutanenmu a kogin Yuba. Masu tambayar farashin dutse suka dawo neman aiki, ya ɗauke su bai tuna musu ba, matarsa ce ta tuna musu ɗaya bayan ɗaya.

Amma rani uku ana haƙa ba a ga kabari ko ɗaya ba. An kai ga asalin ƙasa a wurin da ya nuna, babu komai sai jan yumɓu. Aka matsa dama, aka matsa hagu. Mutane suna yi masa murnar arziki shi kuwa yana ramewa, domin saƙo ya zo daga Lung On cewa mahaifiyarsa ta makance, kuma kullum sai ta sa an kai ta ƙofar ƙauye ta zauna. Ya fara tsoron cewa ruwan kamfani ya kwashe maƙabartar tun kafin ya binne wurin, kuma wannan tsoro ya hana shi jin daɗin komai.

Ambaliyar 1875

A watan Janairu na 1875 kogin Yuba, wanda lakar kamfanoni ta cike masa ciki, ya ɓalle ya shiga Marysville. Lambun Lok ya nutse. Da ruwa ya janye ya hau Mashigar Alfadarai domin ya ga ɓarnar da aka yi masa, sai ya tarar ambaliyar ta yanka sabon kwari a tsakiyar tarin tsakuwar, nesa da inda kogin yake gudu, kuma a ƙasan kwarin ga kawunan gumagumai jere, baƙi ƙirin. Ya sauka ya taɓa su. Turakun madatsar 1855 ne, waɗanda shi da Tong suka sara da hannunsu.

A nan ya gane kuskurensa. Ya san ƙafafun matattu suna wajen ruwa, ya kuwa auna daga ruwa, bai taɓa kawowa a ransa cewa kogi zai iya tashi daga makwancinsa ba, domin a ƙasarmu mutum yakan mutu ya bar kogi inda kakansa ya same shi. Tsakuwar kamfani ta ture Yuba gefe tuntuni, shi kuma shekara uku yana haƙa a inda babu wanda aka taɓa binnewa.

Daga turakun ya sake awo, aka fara sabon rami da shigowar rani. A watan Agusta shebur ya taɓa ruɓaɓɓen katako. Aka ajiye shebur aka koma hannu. Kaburbura goma sha ɗayan suna nan jere, kowanne da tubalinsa, nauyin tsakuwar da ya ɓoye su shi ya tsare su. Lok bai buƙaci a karanta masa ba, domin daga nesa ya hango rubutun da malaminsa ya ce na kaji ne. Ya zauna a bakin ramin ya yi kuka a gaban ma'aikatansa, kukan da bai yi ba ranar jana'izar.

Aka yi komai bisa ƙa'ida. Aka goge ƙasusuwan da buroshi, aka shanya su a rana, aka jera na kowa daga ƙafa zuwa kai aka tabbatar babu wanda ya rage a ƙasa, aka sa a akwatunan tutiya. Lok ya ɗauki nauyin aika goman zuwa ƙauyukansu, iyalan da suka binne akwati wofi suka karɓi mutanensu. Dattawan ƙungiya suka yi masa walima da gasasshen alade, shugabansu ya miƙe tsaye ya zuba masa shayi da hannu biyu.

Komawa Lung On

Akwati na goma sha ɗaya bai aika da shi ba. Sai dai mayar da ƙashi gida rabin aiki ne, domin Tong ba shi da ɗan da zai share kabarinsa, kuma al'ada ta tanadi cewa ɗan'uwa mai 'ya'ya ya ba marigayi ɗa, a rubuta shi a zuri'arsa. A lokacin suna da maza biyu, Yuk Sing da jariri. Lin Ho ta fahimci inda maganar ta nufa tun kafin a faɗa mata.

"Ka ɗauki mataccenka ka kai," in ji ta, "ka bar mini rayayyena."

Ta yi watanni ba ta yi masa maganar da ta wuce ta abinci ba. Daga baya aka ga ta sayo yadi tana ɗinka riguna, wata daidai yaron, wata ta fi shi, wata kuma sai saurayi ne zai cika ta. Ba ta taɓa cewa ta yarda ba, ta dai haɗa kayan. Wannan rabuwa ta yi mata ciwo har ƙarshen rayuwarta, kuma duk wanda ya yabi Lok a kan wannan al'amari bai ambace ta ba ya yi rashin adalci.

A kakar 1877 uba da ɗa suka shiga jirgi. Daga bakin kogin Sunning 'yan dako suka yi ca a kan baƙon Gam San mai takalmin fata, ya ba su sauran kaya, amma akwatin tutiyar ya ɗaure a bayansa da majanyi, ya taka da ƙafa har Lung On. Ya tarar da tsohuwar a ƙofar ƙauye. Ya durƙusa ya ce, "Inna, mun dawo, mu biyu."

Ta shafa fuskarsa, ta shafa akwatin, hannunta ya daɗe a kansa. Sannan ta tambaya wa ya ɗauko wani.

"Ni na ɗauko shi."

"Mai bakin nan," in ji ta, "shi da ya ce a aljihu zai sako ka." Ta yi dariya hawaye na zuba, waɗanda ke wurin ma haka.

Aka zuba ƙasusuwan Gim Tong a tulu aka binne shi kusa da mahaifinsa, shekara ashirin da biyar bayan fitarsa. A zauren kakanni aka rubuta Yuk Sing, ɗan shekara bakwai, a matsayin ɗansa, shi ya fara kunna masa turare. Dangi suka so Lok ya zauna ya gina gida kamar sauran masu dawowa da arziki, amma ya koma Kalifoniya a 1878. Louie Shee ta rasu a 1880 a hannun jikanta.

Shekarun girma

Ya dawo ya tarar da ƙasar ta ƙara tsanani. A 1882 aka kafa dokar da ta rufe ƙofa ga ma'aikatan Sin, mutane da dama suka tsufa ba su ƙara ganin iyalansu ba. A 1884 kotu ta hana kamfanonin feshin ruwa zubar da laka a koguna, zamanin zinariya ya ja baya, amma shi ya riga ya zuba dukiyarsa a gonakin 'ya'yan itace da kantin kayan masarufi a Marysville, kuma jirgin ƙasa yana kai amfanin gonarsa har biranen gabas. A 1886 wasu Turawan yankin suka yi rantsuwar daina sayen kayan ɗan Sin har sai mun tashi. Ya umarci ma'aikatansa kada su tanka wa kowa. Ba a daɗe ba matan masu rantsuwar suka fara zuwa ta ƙofar baya da kwandunansu, Lin Ho tana tarbarsu da fara'a tana tambayar lafiyar mazajensu.

Ya sa duk 'ya'yansa a makaranta, maza da mata, ya gina wata a Lung On. A 1899, bayan kotun ƙoli ta tabbatar cewa duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, Yuk Sing ya zo Marysville ganin gida, magidanci mai 'ya'ya uku. Ya rungumi mahaifiyarsa, sannan ya juya ya durƙusa wa Lok ya ce, "Na same ku lafiya, Baffa?" Haka ƙa'ida ta ce, haka kuwa Lok ya amsa. Yuk Sing ya yi wata huɗu ya koma, domin Ching Ming ya gabato kuma akwai kabarin da ke jiransa.

Rasuwa da jana'iza

A farkon 1911 ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Shugaban ƙungiya, wani dattijo mai suna Fong Dak, ya zo dubiya ya tabbatar masa cewa idan shekara bakwai suka cika shi da kansa zai tsaya a kan akwatinsa har jirgi, domin babu wanda ya fi shi cancantar komawa gida. Lok ya gode masa, ya ce wasiyyarsa ba haka take ba: a haƙa masa kabari mai zurfi, a kafa dutse a kansa, kada a sa tubali. Fong Dak ya ɗauka zafin ciwo ne, ya tuna masa cewa shi ne fa mutumin da ya kwashe tudu guda domin kada yayansa ya kwana a nan.

"Inna ta ce mu shigo mu biyu, mun shiga," in ji Lok. "Tong yana da ɗa a can, ni ba ni da kowa a can. Nawa suna nan. Idan kuka kai ni, wa zai ba ni shayi?"

Ya rasu ranar 9 ga Maris, 1911, a gidansa da ke Marysville, yana da shekara saba'in da bakwai. An rufe kantunan unguwarmu, manoman yankin, har da Turawa, suka bi gawar. Mai haƙa kabari na ƙungiya ya kai zurfin gwiwa ya jingine shebur kamar yadda ya saba shekara talatin, sai Lin Ho ta leƙa ramin ta ce masa, "Ci gaba, Malam, wannan ba baƙo ba ne." Ya ci gaba har kansa ya ɓace. A iya sanin dattawanmu, shi ne na farko a maƙabartar da aka binne da niyyar zama. Lin Ho ta bi shi a 1919, aka kwantar da ita a gefensa, zurfi ɗaya.

Ya rasu ya bar 'ya'ya biyar: Yuk Ming, wanda ya gaji gonakin, Yuk On, mai kanti a Sacramento, Gum Oi, malamar makaranta a Oakland, Yuk Fai, likitan haƙori a San Francisco, da auta Sui Lan, wadda ta auri ɗan gidan Eng a Stockton. Ya bar jikoki goma sha tara, dukkansu haifaffun Kalifoniya. Ba a lissafa Hom Yuk Sing na Lung On a cikin 'ya'yansa ba, domin shi ɗan Gim Tong ne. Kowace shekara idan Ching Ming ya zo, yakan hau tudun bayan ƙauye da tsintsiya da shinkafa da shayi, a ranar da 'ya'yan baffansa suke fita da nasu a Marysville, kuma tun daga 1911 babu ɗaya daga cikin 'yan'uwan biyu da ya kwana da yunwa.